Tambaya da Amsa: Ciwon da ke kama masu nutso bayan sun fito daga ruwa

Tambaya: Ƙanena ya samu aikin nutso a rijiyoyin mai na cikin teku. An ce mana akwai ciwon da ke kama mai nutso idan ya yi gaggawar fitowa. Mene ne gaskiyar wannan, kuma yana da magani? Mai karatu daga Fatakwal.

Amsa: Malam, gaskiya aka faɗa muku. Duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsawa a teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da muke ciki a doron ƙasa. A wannan hali iskar naitirojin, wadda ita ce kusan kashi 78 cikin ɗari na abin da yake shaƙa daga tulun iskarsa, tana narkewa cikin jini da tsoka. Idan ya taso a hankali, huhu zai fitar da ita. Idan kuwa ya yi gaggawa, sai ta zama kumfa a cikin jiki, kamar yadda lemon kwalba ke tumfaye idan aka ɓalle murfinsa da sauri. Masanin Faransa Paul Bert ne ya bayyana wannan a 1878.

Alamar da aka fi gani ita ce ciwo mai zurfi a kafaɗa, gwiwar hannu ko gwiwa, tare da ƙaiƙayi, tabo-tabo a fata da gajiya marar dalili. Wadda ta fi tayar da hankali ita ce idan kumfar ta taɓa laka ko ƙwaƙwalwa, domin a nan ne ƙafafu ke mutuwa, fitsari ya riƙe, jiri ya taso, numfashi ya yi wuya, har ta kai ga shanyewar jiki. Yawanci alamun suna bayyana cikin awa shida, kusan dukansu kafin awa 24. Abin da nake jin tsoro shi ne a ɗauke shi sanyin ƙashi, a shafa man zafi a kwanta.

Taimakon farko shi ne a kwantar da mai nutson, a ba shi tsantsar iskar oksijin, a ba shi ruwa idan yana cikin hayyacinsa, sannan a garzaya da shi wurin da ke da ɗakin matsi, wani tankin ƙarfe da ake mayar da mutum ƙarƙashin matsi kamar na zurfin mita 18 yana shaƙar oksijin, a riƙa sassautawa har kusan awa biyar. Kada a mayar da shi cikin ruwa da sunan magani.

Ku ja hankalin ƙanen naku ya bi jadawalin tasowa, wato jerin zangunan da mai nutso ke dakatawa a hanyarsa ta fitowa daga ruwa, ba tare da ƙetare zango ko ɗaya ba, kada kuma ya hau jirgin sama sai bayan aƙalla awa 12 zuwa 18 da nutso, ko fiye idan aikin mai zurfi ne. Ya kuma tambayi masu aikin inda ɗakin matsinsu yake tun kafin ya shiga ruwa.