Tambaya da Amsa: Banki ya riƙe min tiransifa, ko shi ma ya kusa durƙushewa ne?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da bayani. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ran nan wajen ƙarfe ɗaya na dare na tashi zan tura wa wani sabon dila kuɗin atamfa naira miliyan uku sai banki ya riƙe kuɗin, da safe suka kira ni wai sai na tabbatar ni ne na tura. Maƙwabtan shagona sun ce alamar bankin ba kuɗi ne, wai haka bankin Heritage ya fara kafin ya durƙushe, wani yaro kuma ya ce kwamfuta ce mai tunani ta hana. Wanne zan ɗauka, in kwashe kuɗina ne? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, kar ka kwashe komai tukuna, yaron nan ya fi manyan kusa da gaskiya. Bankin da ya rasa kuɗi ai kowa yake hanawa, da rana tsaka ma, ba zai kira ka da safe yana tambayar ko kai ne ba.

Bankuna da yawa yanzu suna aiki da ƙirƙirarriyar basira, wato kwamfuta mai tunanin da yaron ya faɗa, wajen sa ido a kan hada-hada, ta san lokacin da ka saba turawa, nawa ka saba turawa, da wace waya, kuma wa da wa kake turawa, kamar dai yaron shago da ya daɗe da kai ya san kwastomominka ɗaya bayan ɗaya. To kai fa ka haɗa abu uku a dare ɗaya: sabon akawun, kuɗi mai nauyi, ga tsakar dare, dole ta ɗaga kai. Wani lokacin kam tana takura wa mai gaskiya, abin da haushi wallahi musamman in dila na jiran alat kafin ya ɗora kaya a mota, amma ni dai gara a ɓata min safiya ɗaya. Inda ba ta cika iya komai ba shi ne in kai da hannunka ka karanta wa ɗan damfara lambar OTP, wato lambar da banki ke turo maka a waya dan tabbatar da tiransifa, ko ka ba shi lambar sirrin katinka, kuma su ma ɓarayin sun shiga harkar ƙirƙirarriyar basirar, har muryar mutum ana iya kwaikwaya yanzu, dan haka in an kira ka da sunan banki ana neman lamba kashe wayar ka je reshe da ƙafarka.

Shi kuwa Heritage maganarsa daban ce. Babban Bankin Najeriya ya soke lasisinsa ranar 3 ga Yunin 2024 saboda ya kasa gyara halin kuɗinsa, hukumar NDIC mai inshorar ajiya ta bi lambar BVN ta riƙa tura wa mutane kuɗinsu a akawun ɗinsu na wasu bankuna, amma iyakarta naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya, masu sama da haka sai jiran a sayar da kadarori a karɓo basussuka ana biyansu kaɗan-kaɗan. A Maris ɗin 2024 kuma Babban Bankin ya umarci bankuna su ƙara jari dan su ƙara ƙarfi, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na cikin gida, ya sa musu wa'adin 31 ga Maris 2026.

In jarinka ya haura miliyan 5 raba shi banki biyu ko uku, kuma ka duba irin lasisin inda kake ajiya dan bankunan maikurofainans inshorarsu miliyan 2 ce kawai. Kuɗin sabon dila kuma ka riƙa turawa da rana.