Taswirar Yanayi Mai Tudu da Kwari: Yadda Ake Haɗa Ta da Inda Take Yaudarar Ido

Tambaya: A da idan ana hasashen yanayi a talabijin, taswira ce a shimfiɗe, da alamar rana ko gajimare a kan kowane gari. Yanzu sai ka ga kyamara tana shawagi kamar jirgi, ga duwatsu, ga hadari yana tafiya, wai shi ne 3D. Yaya ake haɗa wannan hoton? Kuma ya sa hasashen ya fi na da inganci?

Amsa: Malam, bari mu fara da ta biyun don ita ce gajera. Hasashe ya inganta ƙwarai, amma ba hoton ne ya inganta shi ba. Manyan kwamfutoci da taurarin ɗan'adam ne suka yi wannan aikin. Hoton riga ce kawai da ake sa wa lissafi, kuma wani lokacin rigar takan fi mai ita girma.

Ga yadda ake ɗinka ta. Cibiyoyin hasashe suna yanka sararin samaniya gida-gida kamar idon raga, kwamfuta ta lissafa zafi da laima da matsin iska da gudunta a kowane ido. A babbar manhajar cibiyar Turai ta ECMWF, faɗin ido ɗaya kusan kilomita 9 ne, an kuma jera hawa 137 daga doron ƙasa zuwa can sama. Manhajar GFS ta Amurka tana da ido na kusan kilomita 13, ana gudanar da ita sau huɗu a rana. Abin da ke fitowa daga wannan lissafi tarin lambobi ne a fayil irin wanda ake kira GRIB, babu zanen gajimare ko ɗaya a ciki. Ka lura da hawa 137 ɗin nan: bayanan tun asali masu tsawo da faɗi da zurfi ne, tsohuwar taswira ce take danne su wuri guda.

A gidan talabijin sai a fara da ƙasa. Ana ɗauko bayanan tsayin kowane wuri, galibi irin waɗanda kumbon Endeavour ya auna da rada a watan Fabrairun 2000, a gina tudu da kwari da su, a lulluɓe da hoton tauraron ɗan'adam ko da launin da gidan ya zaɓa. A kan wannan a ɗora gajimare, a ɗora ruwan sama, a ɗora kiban iska da sunayen garuruwa, kowanne shimfiɗarsa daban. Na abin da ya riga ya faru ana samun sa daga rada da taurari irin Meteosat, masu tsayuwa a kilomita 35,786 bisa layin ikwaita, wanda ya raba duniya kudu da arewa, suna aiko hoto duk minti 10 zuwa 15. Na gobe da jibi kuwa daga lissafi yake zuwa. A ƙarshe a tsara hanyar da kyamarar cikin kwamfuta za ta bi, mai gabatarwa ya tsaya gaban koren bango da ɗan maɓalli a hannu, na'ura ta cire koren ta sa taswira a gurbinsa. Shi bango kawai yake gani, da allunan gefe yake gane inda yatsansa ya nufa.

To, a nan ne aka fara ƙari. Talabijin tana buƙatar hoto 25 a kowace daƙiƙa, a wasu ƙasashe kusan 30, alhali lissafi yana bayar da sakamako ɗaya ne a awa, wani lokacin ɗaya a awa uku. Idan aka nuna awa guda cikin daƙiƙa biyu, hotuna 50 ke nan, kuma na farko da na ƙarshe ne kaɗai suka fito daga lissafi. Sauran kwamfutar zane ce ta cike su. Idan cikon na dusashewa ne, sai ka ga ruwa ya ɓace a nan ya ɓulla a can ba tare da ya ratsa tsakiya ba. Idan na jan siffa ne, sai ya tafi sumul, mai kallo ya ɗauka ƙarfe huɗu da kwata daidai zai iso unguwarsu. Babu wanda ya lissafa wannan kwatan.

Haka batun girman ido. Taswirar da ta ɗauki kilomita 1,000 a allo mai ɗigon hoto 1,920 a faɗinsa, kowane ɗigo kusan rabin kilomita ne, ido ɗaya na kilomita 9 kuwa ya cinye ɗigo 17. A cikin wannan fili mai murabba'in kilomita 81 lamba ɗaya ce tak ta ruwan sama. Bakin hadarin nan mai lanƙwasa da kake gani ya bi gefen gari, goge shi aka yi don kada ya fito da kusurwa huɗu. Hadari mai tsawa kuma sau da yawa faɗinsa bai wuce 'yan kilomitoci ba, don haka yana iya zuba a rabin ido ya bar rabi a bushe. Tsohuwar alamar gajimare mai ɗigon ruwa biyu ba ta yi maka alƙawarin titi ba. Sabon hoton yana yi, ko da bai furta ba.

Tsayi ma ƙara shi ake yi. Da za a mayar da duniya ƙwallo mai faɗin mita ɗaya, dutsen Everest mai mita 8,849 bai kai milimita ɗaya ba. A taswirar da muka ambata, dutse mai kilomita 2 ɗigo huɗu ne kacal. Dole a ninka tsayi sau da dama kafin ido ya gan shi, kuma in aka ninka na duwatsu aka manta da na gajimare, sai ka ga ƙololuwa ta huda gajimaren da a zahiri yake can samanta.

Babbar matsala ita ce karkata taswira, kuma gidan BBC ya ɗanɗana kuɗarta. Sun fara nuna mai hasashe a allo a 1954, suka zo da sababbin alamomin maganaɗisu a 1975, suka koma zanen kwamfuta a 1985. A watan Mayun 2005 suka ɗauko tsarin Weatherscape XT na kamfanin Metra na ƙasar New Zealand, wanda ke kallon Birtaniya a karkace daga kudu. Nan da nan kudancin Ingila ya cika allo, Scotland kuwa, wadda ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasar, ta ƙanƙance a can sama. Ƙorafi ya kai kusan 4,000, har maganar ta shiga majalisa, wasu kuma suna kukan launin ƙasa-ƙasa da aka shafa wa taswirar da rashin layukan matsin iska da masunta da matuƙa jiragen ruwa suka saba karantawa. Kafin watan ya ƙare aka rage karkatar. A Fabrairun 2018, da suka koma aiki da kamfanin hasashen yanayi na MeteoGroup, sai aka dawo da taswira a shimfiɗe.

Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Abin da ya ninka wani nisa daga kyamara, rabin girmansa yake fitowa. Sannan in ka karkatar da kallo da digiri 60 daga tsaye, tazarar kudu zuwa arewa tana raguwa da rabi. Haɗa biyun, na nesa ya yi asara sau biyu. Ga ta uku: gajimaren da aka ɗaga sama yana rufe garin da ke bayansa, sai mai kallo ya rasa a kan wa ruwan yake zuba. Shi ya sa ƙwararru suke manna launin ruwan sama a doron ƙasa, gajimare kaɗai suke bari yana shawagi.

Har bayanan aune suna da tasu karkatar. Tauraron da ke bisa layin ikwaita a gicciye yake hango wuraren da ke digiri 52 arewa da layin, don haka kan hadari mai tsayin kilomita 12 yakan bayyana kusan kilomita 20 daga ainihin inda yake, sai an gyara. Ita kuma rada, saboda duniya a lanƙwashe take, haskenta mafi ƙasa a nisan kilomita 200 ya riga ya haura kusan kilomita 4. Duk abin da aka zana a ƙarƙashin wannan cike gurbi ne.

Kada a ɗauka muna kushe fasahar ne gaba ɗaya. Inda tambayar ta tsayi ce, babu kamarta. Rada tana leƙa hadari a kusurwoyi da dama, na Amurka daga digiri 0.5 zuwa 19.5, in aka jera su sai a ga hasumiyar hadarin da inda ƙanƙara take taruwa. Haka nuna yadda iska mai laima ke hawa dutse ta zubar da ruwanta a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya bushe, ko yadda hazo ke kwanciya a kwari. A Satumban 2018, lokacin guguwar Florence a Amurka, tashar The Weather Channel ta yi amfani da Unreal Engine, manhajar da ake gina wasannin bidiyo da ita, ta nuna ruwa yana tasowa kewaye da mai gabatarwa har ƙafa 9, kusan mita 3, motoci suna yawo a kai. Wanda aka ce masa mita 3 zai iya ɗaga kafaɗa, wanda ya ga ruwa ya shanye mutum tsaye ba zai yi ba. Irin wannan yana buƙatar na'urar da ke bin motsin kyamarar gaske, kuma in ta makara ko da hoto biyu ne, sai ka ga ƙafar mai gabatarwa tana zamewa a kan ƙasa.

Idan kana kallo, fara duba agogon da ke kusurwar allo don ka san na yanzu ake nunawa ko na gobe. Karanta ma'aunin launi, domin shuɗin wannan tasha ba lallai ya zama na waccan ba. Ɗauki bakin ruwan sama a matsayin yanki mai faɗin kilomita gomomi, ka kuma ba lokacin isowarsa rarar awa ɗaya ko biyu, fiye da haka in na jibi ne. In kuma bakin mai hasashe ya ce "mai yiwuwa" alhali hoton ya nuna ruwa tsaf a kan garinku, bi bakin, don shi ya ga sakamakon lissafi da yawa, allon kuwa guda ɗaya aka ba shi ya zana.