Tikitin bizines ne, amma jirgi biyu: za su bar ni in shiga falon hutu?

Wani malami daga Samaru ya turo cewa zai je taro Jamus, an yanka masa tikitin bizines, EgyptAir daga Kano zuwa Alkahira, daga can kuma Lufthansa zuwa Frankfurt. Yana tambaya ko a Alkahira zai samu shiga falon hutun manyan fasinjoji tunda kamfanin ya canza, kuma maiɗakinsa da ke ikonomi fa?

Malam, kai dai ba ka da matsala in sha Allahu, saboda EgyptAir da Lufthansa duk 'yan ƙungiya ɗaya ne wato Star Alliance, har da Ethiopian da Turkish, kuma dokarsu ita ce duk mai bizines na ƙasa da ƙasa a jirgin memba zai shiga falon bizines na membobin a filin da jirginsa zai tashi, bodin fas ɗinka kawai za ka miƙa a ƙofa. Amma don Allah buɗe tikitin nan tun kana Zariya ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasan lambar jirgi, inda ake faɗin kamfanin da zai ɗauke ka da gaske. Nan ne mutane ke shan mamaki, lamba ta wani kamfani, jirgin kuma na wani daban wanda ba ya cikin ƙungiyar, to masu ƙofa jirgin da za ka hau suke kallo ba wanda ya sayar maka ba. Sannan ka tabbata ɓangaren Frankfurt ɗin ma bizines ne, don ejan kan haɗa rabi bizines rabi ikonomi kuɗi ya sauka, kuma ba lallai ya gaya maka ba.

Batun Hajiya kuwa gaskiya a'a, tikitin bizines bai ba ka damar shiga da baƙo, sai mai katin Gold na ƙungiyar, wanda ake ba masu yawan tafiya da jiragenta, ne ke shiga da mutum ɗaya. Ni a ganina in jiran awa biyu ne ku zauna tare a waje kawai, in kuma na dare guda ne to ku nemi falon da ake biya a ƙofa, ya fi ka bar ta ita kaɗai da jakunkuna.

Wata 'yar kasuwa daga Sabon Gari ita ma ta ce ta ga bizines na Qatar da araha. Hajiya ki tambayi ejan ko Business Lite ne, don a wannan ajin kujerar kwanciya tana nan amma ba shiga falon Al Mourjan na Doha a ciki sai kin ƙara kuɗi. Kuma Qatar a ƙungiyar oneworld take, Saudia a ta SkyTeam, Emirates ba ta cikin ko ɗaya, katin wannan ƙungiya ba ya buɗe ƙofar waccan. Ki sa ya rubuto miki amsar ta WhatsApp kafin ki tura ko sisi.