Akori-kura Tana Shan Mai: A Ci Bashi a Sauya Kafireta, ko a Fara da Tiyo?

Wani ɗan kasuwa da ke saro hatsi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Dawanau ya aiko da tambaya game da tsohuwar akori-kurarsa ƙirar Peugeot 504. Ya ce motar ta koma shan mai fiye da da, tana karkarwa idan an tsaya, tana mutuwa a cunkoso, kuma makanike ya taɓa kafiretar har sau uku ba a ga canji ba. Yanzu an ba shi shawara ya sayi wata kafiretar ta hannu ko ya sauya injin ɗungurungum, shi kuwa ba shi da kuɗin sai ya taɓa jarin hatsi ko ya ci bashi. Yana so ya san wanne ya fi.

Alhaji, amsata ita ce kada ka taɓa jari kuma kada ka ci bashi tukuna, domin har yanzu ba ka san nawa matsalar ke ci maka ba, ba ka kuma tabbatar da inda take ba. Abin da ka bayyana ya fi kama da iskar da ke satar hanya tana shiga inji, kuma sau da yawa maganin wannan bai wuce ɗan guntun tiyo da ladan aiki ba.

Ka fara da awo. Ka cika tanki har baki a gidan mai ɗaya, ka rubuta lambar kilomita, ko ka ɗauki hanyar da ka san nisanta idan agogon motar ya mutu, ka yi tafiyarka da kayan da ka saba ɗorawa, sannan ka dawo ka sake cikawa a famfon da ka fara. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta sha. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa zuwa da dawowa kilomita 100 ne, da tana shan lita 12 yanzu tana shan 18, lita kuma naira 900. Asararka a tafiya ɗaya naira 5,400 ce, idan kana fita sau huɗu a mako ta kai 21,600, a wata kuwa ta haura 86,000. Da wannan lissafin za ka auna kowane gyara: a raba kuɗinsa da asarar mako, a ga makonni nawa zai ɗauka kafin ya biya kansa. Kafin a janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, mutum na iya kawar da kai daga lita shida, amma yau wannan ribar buhuna ce take fita ta salansa. Ina kuma ba da shawarar ka kasance cikin motar da kanka ranar awon, ba don ina zargin direbanka ba, sai don lissafi ya fita daga shakka.

Aikin kafireta shi ne haɗa iska da fetur gwargwado, wajen kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur, kuma tana iya auna iskar da ta bi ta bakinta ne kaɗai. Inji kuwa idan yana aiki zuƙa yake yi, kuma an ja tiyoyi daga ƙasan kafireta da bututun da ke raba iska ga silinda don a ci moriyar wannan zuƙar. Mai kauri yana zuwa baƙin tulun nan da ke sa birki ya yi laushi, siriri kuma yana zuwa ɗan gwangwanin da ke gefen distirbuta, wanda ke gaggauta wutar fulogi idan mota na tafiya ba a danne totur sosai ba. Motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, robobinta sun sha zafi da baƙin mai na shekaru, sun bushe sun tsage. Da zarar tiyo ya tsage, iskar da ba a auna ba sai ta shiga, fetur ya yi ƙaranci a haɗin, inji ya riƙa karkarwa a silo, wato lokacin da mota ke tsaye inji na aiki ba a taka totur ba.

Nan ne kuɗinka ke fara zubewa. Makaniken da ke sauri ba zai nemi tsagar ba, sai ya ɗauko sukudireba ya buɗe sukurun mai, ya ƙara silo, motar ta daina mutuwa a gabanka, ka biya ka tafi. Ciwon yana nan, an dai lulluɓe shi da fetur. Idan kuma siririn tiyon distirbuta ne ya cire, wani ma toshe bakin yake yi da ƙusa ko ɗan sukuru ya ce ba shi da amfani, alhali rashin sa na sa wuta ta riƙa makara a kan doguwar hanya, inji ya yi zafi, mai ya ƙone ba tare da ya ba da ƙarfin da ya kamata ba. Akwai kuma wanda zai mayar da tiyon a bakin da ba nasa ba. Bakin da ke jikin kafireta daidai saman murfin totur ba ya zuƙa sai an taka, na ƙasa kuwa yana zuƙa tun a silo, don haka musanya su na rikita taimin, wato lokacin fitar wutar fulogi, da aka saita.

Gwajin waɗannan abubuwa ba ya buƙatar sayen komai. A cire kowane tiyo a lanƙwasa shi a rana, tsaga za ta buɗe baki. A buɗe murfin distirbuta a zuƙi siririn tiyon da baki: farantin da ke ciki ya kamata ya motsa, kuma idan aka toshe da harshe ya tsaya a wurin; idan iska kawai ke tahowa, fatar da ke cikin gwangwanin ta yage. Na birki kuma, a kashe inji, a taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, a riƙe shi a tayar da mota, idan tulun lafiya yake ƙafa za ta ɗan nutse. A duba gasket ɗin da kafireta ke zaune a kai, a girgiza sandar totur a ji ko ta yi lako-lako. A kwance fulogi a dubi bakinsu: baƙin toka mai bushewa alamar mai ya yi yawa, fari fat alamar ya yi kaɗan, launin ƙasa-ƙasa shi ne daidai. Matatar iska ma a duba ta, domin ƙurar hunturu a hanyar ƙauye kan toshe ta cikin ɗan lokaci.

Sai an gama da tiyoyi, an daidaita kwantak da taimin, sannan a taɓa sukurun kafireta, injin yana da zafi kuma cok a buɗe. Ana shigar da sukurun mai a hankali har inji ya fara sanyi, a dawo da shi baya zuwa inda ya fi daidaita, sannan a saita silo wajen juyi 800 zuwa 900 a minti. Ka sani cewa wannan sukurun silo kawai yake mulki. Man da mota ke sha a kan hanya yana hannun babban jet, wato ɗan ramin da ke auna man da ke fita, da tsayin mai a cikin kwanon kafireta, don haka idan allurar da ke tsayar da mai ta cinye, ko dattin man bumburutu ya maƙale mata, murɗa sukuru har gobe ba zai rage lita ɗaya ba. Kada kuma ka yarda a cusa waya cikin jet da sunan rage shan mai. Motar da ke ɗaukar buhuna idan aka hana ta mai zafi take yi ta ƙone bawul, kuma wannan gyaran ya ninka abin da aka yi tattali.

Ta fuskar kuɗi, ka nemi dattijon makanike da ya ƙware a kan Peugeot, ko da ladansa ya ninka na yaron da ke bakin titi, domin hannun da ya saba da kafiretar Solex ya fara ƙaranci tun da motoci masu injekta suka cika gari. Ku yi yarjejeniya cewa za ka biya rabi ranar aiki, sauran kuma bayan ka sake awon tanki. Ka sayi tiyon da aka yi don mota, ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire ka gani da idonka.

Idan aka yi duk wannan aka tarar sandar totur ta cinye jikin kafireta, to sauyawa ta zama dole, kuma asarar makonni kaɗan za ta iya biyan ta. Amma kayan hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba su zuwa da tarihinsu, kuma wadda aka ciro daga injin da ya bambanta da naka a girma tana ɗauke da jet ɗin da ba naka ba, wata ma da ƙarin bakunan tiyo da sai an san wanda za a toshe. Ka tafi da makanikenka da tsohuwar a hannu, kuma kada kuɗi ya fita sai mai kaya ya amince a gaban shaida cewa zai karɓa idan ba ta yi ba.

Batun sauya inji kuwa hayaƙi da awon matsi ne za su yanke shi. Baƙin hayaƙi na fetur ne, kafireta ce. Shuɗi na baƙin mai ne, ringi ko bawul ne. Idan ma'aunin matsi ya nuna silinda huɗun sun yi kusa da juna kuma ba ka ƙara baƙin mai kowane mako, injinka bai mutu ba. Idan ya nuna akasin haka, ka sake rubuto mini da adadin litar da ka auna, da tafiye-tafiyen da kake yi a wata, da abin da masu haya ke karɓa a kan kowane buhu daga kasuwar da kake saro kaya zuwa Dawanau, domin a lokacin tambayar za ta koma ko riƙe motar ma ya fi ba da kayan haya.