Kauri da doron gilashin agogon nutso: ado ne ko aiki?

Tambaya: Na ga agogon hannu da aka rubuta masa mita 300, gilashinsa ga kauri ga doro a tsakiya. Ado ne kawai? Kuma gaskiya ne gilashin saffaya ya fi kowanne jure ruwa?

Amsa: Ba ado ba ne, malam. Duk mita 10 da ka ƙara nutsawa, ruwa na ƙara danna kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Gilashi mai faɗin santimita 3, a zurfin mita 300, yana ɗauke da sama da kilo 200. Rolex Deepsea na 2008, wanda aka yi don mita 3,900, nauyin da ke kan gilashinsa ya kusa tan 3, shi ya sa kaurinsa ya kai milimita 5.5.

Amma kauri kaɗai ba ya gama magana. Gilashi yana jure matsi, ja ne ba ya so. Idan shimfiɗaɗɗe ne, ruwa na lotsa tsakiyarsa, fuskarsa ta ciki ta miƙe, daga nan tsaga ke farawa. Mai doro kuwa yana tura nauyin zuwa gefe, kamar ƙwai da ke ƙin fashewa in ka matse shi ta kawunansa biyu. Agogon gwaji da Rolex ya ɗaura a jikin jirgin nutso mai suna Trieste a 1960, har ƙasan ramin Mariana, wuri mafi zurfi a teku, gilashinsa curi guda ne, ba kyan gani, amma ya dawo yana aiki. Kamfanin Omega kuma, a agogon da ya sauka can a 2019, ya sassaƙa gefen gilashin da karkata, yadda duk ƙarin matsi sai ƙara zaunar da shi yake a mazauninsa.

Batun saffaya, wato lu'ulu'un nan mai tauri da ake yin gilashin agogo da shi, an cika zuzuta ta. Ƙarzuwa ce ba ta cika yi ba, amma in ta sha bugu tarwatsewa take. Tsohon gilashin roba yana ƙarzuwa, sai dai yakan ɗan lanƙwasa kafin ya tsage.

Wani lokacin ma daga ciki matsalar take fitowa. Ma'aikatan ƙarƙashin teku da ke kwanaki a ɗakin matsi suna shaƙar iska mai hiliyam, ita kuma tana silalewa cikin agogo. Idan aka rage matsi, sai ta tunkuɗo gilashin waje. Don haka aka sa wa agogon Rolex Sea-Dweller na 1967 ɗan bawul na fitar da ita. Kai da iyo kawai kake yi ba ka buƙatarsa. Zoben robar da ke riƙe da gilashin za ka riƙa sa a duba maka, don shi ke fara tsufa.