Kada hannunka ya saba da BYPASS

Jiya da yamma ka tare ni da tambaya. PTF ɗaya tak, wato facin gyaran manhaja, kake son sakawa a z/OS, tsarin da ke tafiyar da manyan na'urorin IBM. Ka gudanar da APPLY CHECK, gwajin sakawa kafin na gaske, SMP/E, manhajar da ke saka faci, ta ƙi, ta zubo maka sunayen wasu faci da ta ce sai da su, ga HOLD, alamar riƙe faci, birjik. Ka ce, "Maigida, tunda gyaran ƙarami ne, me zai hana in rubuta BYPASS in wuce?"

Yarona, ruwa ba ya tsami banza. BYPASS umarni ne na tsallake binciken SMP/E. PTF faci ne, kuma a kan wani facin ake ɗora shi. Wanda ya rubuta shi a IBM ya gina shi ne bisa yadda na baya ya bar wurin. Ma'anar sharaɗin PRE da ke jikin faci ke nan: wancan sai ya riga shiga. REQ kuwa tagwaye ne, tare suke shiga ko duka su haƙura. IFREQ ne ke yawan kayar da sababbin hannu, domin cewa yake idan kana da wata manhajar, mai FMID (lambar shaidar manhaja) kaza, ita ma sai an yi mata nata facin, kuma tana iya zama a wani yanki daban, wajen manhajar CICS ko Db2, inda idonka bai kai ba. Kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ƙara GROUPEXTEND a umarnin APPLY, SMP/E za ta jawo abokan tafiyar da kanta, har ta nemo wanda ya maye gurbin wanda aka riƙe.

Amma kafin komai, ɗauko sabon HOLDDATA, jerin facin da IBM ta riƙe, ka yi RECEIVE, wato ka shigar wa SMP/E da shi. Facin da yake lafiya lau makon jiya, yau ana iya gano ya zo da tasa cutar, a sa masa PE, alamar faci mai kuskure. Irin wannan riƙon, na ERROR, ba naka ba ne ka tsallake. Ka jira maganinsa ya fito, ko IBM su ce maka ga yadda za ka yi.

Riƙon SYSTEM shi ake tsallakewa, shi ma sai bayan ka karanta. Na IPL (sake tayar da na'ura) da DOC (sauyin takardun bayani) ba su cika tayar da hankali ba. Na ACTION kuwa, zauna da biro, ka karanta layi-layi, domin aiki ne aka ba ka da SMP/E ba za ta yi maka ba: sauya wani abu a PARMLIB, ma'ajiyar saitin na'ura, ko gudanar da wani aiki kafin a sake tayar da na'ura.

Na ga abin da idona a wani banki da na taɓa yi wa aiki. Daren Asabar, wani abokin aikinmu ya gaji, saƙon gargaɗi ya ishe shi, ya sa BYPASS(ID). Ashe gargaɗin cewa yake sabon facin zai shafe wani USERMOD, gyaran da muka yi na gida, a JES2, sashen da ke kula da layin ayyuka da firinta. Komai ya tashi sumul. Sai ranar Litinin da safe aka ga takardun rassa suna fita a firintar da ba tasu ba. Abin da ya cece mu, kwafin SYSRES, faifan da na'ura ke tashi daga kansa, muka yi wa aikin, tsohon faifan na nan ba a taɓa shi ba, muka koma kansa. Kai ma kada ka taɓa yin APPLY a faifan da na'ura ke gudana a kai.

Kuma kada ka yi gaggawar ACCEPT, wato tabbatar da faci a DLIB, ma'ajiyar asalin manhaja. RESTORE, mai cire faci, daga DLIB yake kwaso tsohon abu, da zarar ka yi ACCEPT ka rufe wa kanka ƙofar komawa. Ni nakan bar gyara ya yi makonni yana aiki, sai dab da zagaye na gaba nake yi.

Jerin nan mai tsawo da ya ba ka tsoro, laifinmu ne, mun daɗe ba mu saka RSU, tarin facin da IBM ke ba da shawarar a saka, ba, bashi ya taru. Gobe da safe kawo mini takardar APPLY CHECK ɗin, mu bi HOLD ɗin ACTION tare.