Cinikin Mota Da Kuɗi Daga Asusun Baƙo: Amsa Ga Ɗan'uwa A Hamburg

Wani ɗan'uwa mazaunin Jamus ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Hamburg, kuma takardar neman zama ɗan ƙasa da na shigar tana hannun hukuma. Na sa motata a kasuwa kan Yuro 9,000. Yayana da ke Maraɗi ya haɗa ni da wani dillali a Kwatano, wanda ya ce wani Alhaji zai saya ba tare da neman ragi ba. Sharaɗinsu shi ne abokin cinikin Alhajin da ke nan Turai zai turo Yuro 12,000 cikin asusuna, in riƙe kuɗin motata, in aika wa mai lodin jirgi 1,800 ta Western Union, sauran 1,200 kuma in tura gida a matsayin la'adar yayana, wadda zai sa a kayan ɗakin ƙanwarmu. Sun turo mini hoton rasit na banki, sun ce ranar Asabar mutuminsu zai zo ya ɗauki motar. Da na nuna jinkiri, sai yayana ya ce ina neman kunyata shi. Shin idan kuɗin sun shiga asusuna, da sauran haɗari?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Da sauran haɗari, kuma babbansa yana farawa ne daga ranar da kuɗin suka shiga. Shawarata ita ce kada ka miƙa motar ranar Asabar, kada kuma ka aika wa kowa ko sisi daga cikin waɗannan kuɗi. Ba ina aibata tura kuɗi ta banki ba ne, domin ga mai sayarwa ta fi cek aminci nesa ba kusa ba, tun da cek na ƙasar waje kan nuna a asusu sannan ya dawo babu komai bayan makonni. Abin da ya ɓata wannan ciniki shi ne mai sayen daban, mai biyan daban, kuma an cusa maka rarar kuɗin da aka ce kai za ka fitar da su da hannunka.

Rasit ɗin da aka turo maka ba ya tabbatar da komai. SWIFT, ƙungiyar da bankuna suka kafa a 1973 mai mazauni a Beljiyam, saƙo take ɗauka tsakanin banki da banki, ba ta ɗaukar kuɗi, saboda haka ko takardar saƙon tura kuɗi ta SWIFT da dillalai ke alfahari da ita mai suna MT103 ta kasance ta gaske, matsayinta matsayin wayar direba ce da ke cewa kaya sun taso, balle kuma hoto a WhatsApp wanda kowane yaro mai kwamfuta zai iya sauya masa suna da adadi. Hujja guda ɗaya ce: ka buɗe manhajar bankinka da kanka, ba ta hanyar wani adireshin da aka aiko maka ba, ka ga an rubuta kuɗin a cikin asusunka. Idan da gaske daga cikin Turai aka turo su, tsarin SEPA na tura Yuro tsakanin bankunan Turai kan isar da su a ranar aiki ta gaba, na gaggawa kuma cikin daƙiƙa 10, kuma tun 9 ga Janairun 2025 doka ta wajabta wa bankunan ƙasashen da ke amfani da Yuro su karɓi irin wannan turi na nan take. Duk wanda ya ce maka banki ya riƙe kuɗinka sai ka turo lambar lodin jirgi ko shaidar biyan wani haraji, ƙarya yake yi, domin banki ba ya aiki haka.

Yanzu mu ɗauka kuɗin sun shiga da gaske. Tambayar ita ce na wane ne. A irin waɗannan cinikayya da suka zo gabana, kuɗin kan fito daga ɗayan wurare biyu. Ko dai an sace lambobin sirrin wani mai asusu an kwashe masa ajiya zuwa naka, ko kuma 'yan damfarar sun tallata wata haja ta bogi a intanet, wani bawan Allah ya saya, suka ba shi lambar asusunka, wato IBAN, a matsayin ta mai kaya. A duka biyun mai kuɗin bai san ka ba, bai san motarka ba, amma sunanka kaɗai ne sunan gaskiya a cikin takardunsa. Dokar biyan kuɗi ta Tarayyar Turai ta ba mai asusu har wata 13 ya sanar da bankinsa cewa an fitar masa da kuɗi ba da izininsa ba, kuma da zarar ya yi haka bankinsa zai nemi a maido, naka bankin na iya rufe asusunka yayin bincike, shi kuma yana iya kai ka kotu ya nemi abinsa. Ka yi lissafin da kanka. Za a nemi 12,000 a hannunka alhali 9,000 suka rage, 3,000 ɗin da ka aika an karɓe su tsaba babu hanyar dawo da su, motar kuwa tana kan teku ko an riga an sayar da ita. Ba don wauta suka ƙara maka kuɗi ba, so suke kuɗin sata su bi ta asusun mutum mai adireshi da takardun zama, su fito a wanke.

Nan ne batun ya taɓa takardunka, kuma shi ya fi damuna fiye da motar. Sashe na 261 na kundin dokokin laifuka na Jamus, wanda ya shafi halasta kuɗin haram, ba ya buƙatar a tabbatar cewa ka san kuɗin na sata ne. Ya isa a nuna cewa alamu sun bayyana ƙarara ka kau da kai, kuma wannan sakaci kaɗai hukuncinsa na kaiwa ɗaurin shekara 2 ko biyan tara. Mai gabatar da ƙara zai tambaye ka dalilin da ya sa ka karɓi kuɗi daga wanda ba shi ne mai saye ba, da dalilin da ya sa ka tura rarar zuwa waje, kuma cewa yayanka ne ya amince da dillalin ba amsa ba ce da za ta fitar da kai. Dokar zama ɗan ƙasa ta ce a dakatar da duba takardar mutum muddin ana bincikensa kan laifi, sannan tarar da ta wuce ta kwana 90, bisa yadda kotunan Jamus ke auna tara da kwanakin samun mutum, tana iya hana a ba shi. Ko da a ƙarshe an wanke ka, watannin da asusun albashinka da kuɗin hayarka ke rufe ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Game da dillalin, ba zan rantse cewa ɓarawo ne ba, amma tsarin da ya kawo na ɓarayi ne. Kana zaune a garin da ake lodin motoci zuwa Kwatano da Lome, ka kuma san yadda masu wannan sana'a na gaskiya suke yi a Hamburg da Antwerp: suna da mutanensu a ƙasa, su zo su buɗe inji, su leƙa ƙarƙashi, su kushe motar har ranka ya ɓaci, su taya ta ƙasa da abin da ka sa, sannan su biya kamfanin jirgi da kansu su karɓi takardar lodi da sunansu. Ɗan kasuwar da ya sayi tsohuwar mota bai gani ba, bai taya ba, ya kuma ɗora wa mai sayarwa biyan kuɗin jirgi, ba riba ta cikin mota yake nema ba. Na ga matashin da aka yi wa irin wannan da injin janareta, kuma wanda ya haɗa cinikin ɗan garinsu ne da suka yi makarantar allo tare. Ranar da wasiƙar 'yan sanda ta iso, lambar wayarsa ta daina shiga. Na ga kuma wanda dillalin nasa shi ma yaudararsa aka yi, an yi masa alƙawarin kamasho don ya samo masu asusu a Turai. Kyakkyawar niyyar dillali ba ta rage wa mai asusu komai a gaban alƙali.

Idan kana son ka gwada gaskiyarsu, ka aika musu da sharaɗinka a rubuce. Sunan da ke kan fasfon mai saye, da wanda ke kan takardar ciniki, da wanda ke kan asusun da kuɗin za su fito, ya zama suna ɗaya, kuma adadin ya zama 9,000 cif, babu ƙari. In Alhajin yana Jamhuriyar Benin, ya tura daga asusunsa na can, ya ɗauki nauyin ladan bankunan da ke tsakani, ku jira kwanakin da abin zai ɗauka. In yana da wakili a nan, wakilin ya zama shi ne mai saye a takarda, ya nuna katinsa, ya yi turin nan take kana tsaye. Takardar ciniki irin wadda ƙungiyar masu motoci ta ADAC ke bayarwa ta wadatar. Ka soke rajistar motar kafin ta bar hannunka, domin muddin lambarka na jikinta kai hukuma da kamfanin inshora suka sani, kuma kada ka saki kashi na biyu na takardar rajista, wato ta mallaka, sai ka ga kuɗi. Hoton fasfonka da na katin zamanka kada su je wa kowa, domin da irinsu ake buɗe asusun bogi da sunan mutane. In kuwa ka riga ka ba su IBAN kuma suka turo kuɗin duk da haka, kada ka taɓa su, kada ka yarda ka maida su wani asusun da za su nuna maka. Ka sanar da bankinka a rubuce don ya mayar da su inda suka fito, ka kuma shigar da rahoto wurin 'yan sanda tun kafin su neme ka.

Saura maganar Yaya. Ina kyautata masa zato, mai yiwuwa abin da ya hango kawai shi ne gadon ƙanwa da kwanukanta, ga kuma hanya ta zo da sauƙi. Amma a wannan batu ina bayanka, kuma ba daidai ba ne a sa ƙani ya ɗora asusunsa da zamansa a kan cinikin da babu wanda ya san asalin kuɗinsa, sannan a kira taka-tsantsan ɗinsa rashin kunya. Mutanenmu na gida sau da yawa suna ɗaukar asusun ɗan ci-rani kamar na gandu, kowa na da ikon ba da lambarsa, alhali in abu ya ɓaci sammaci mutum ɗaya yake nema, kuma gidan da ke cin abin da kake aikowa duk wata shi zai fara jin yunwa in aka rufe maka hanya. Ba kuma alheri ba ne a kai yarinya ɗakin miji da kayan da wataƙila ajiyar wata tsohuwa ce aka wawure. Girmama na gaba wajibi ne, amma bai haɗa da bin sa cikin abin da zai cutar da kai da wanda ba ku sani ba.

Kada ka yi masa gardama a zauren WhatsApp na dangi inda ƙannai ke karantawa, domin a nan ne kunyar da yake gudu za ta tabbata. Ka kira shi shi kaɗai, ka gode masa da ya nema maka mai saye, ka ce masa dokar ƙasar da kake zaune ta hana ka karɓar kuɗi daga wanda ba shi ya sayi kaya ba, kuma in Alhajin ya cika sharaɗin, motar tasa ce. Sannan ka raba maganar biki da maganar mota: ka faɗi adadin da za ka iya bayarwa na kayan ɗaki daga aljihunka da watan da za ka aiko, ko da bai kai 1,200 ba. In ya ci gaba da fushi, ka sanar da mahaifiyarku ko wani kawu da yake jin maganarsa, ka bayyana musu lissafin asarar kamar yadda na yi maka shi a sama. Saƙonnin dillalin da hoton rasit ɗin kuma ka adana su kada ka goge, ka bar tallar motar a inda take, ka sayar wa wanda zai zo ya gan ta da idonsa ko da zai rage maka ɗari biyar.